Tambayoyi da Amsoshi Kan Sayen Garmaho Mai Sauƙin Kuɗi a Bauchi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawan fitowa daga bakin masu son sayen garmaho, wato na'urar juya faifai, musamman waɗanda suka gaji faya-fayai a gida da kuma matasan da sha'awar abin ta kama a 'yan shekarun nan. An tsara amsoshin ne bisa yanayin garin Bauchi da kewaye, da irin wutar da muke samu, da ƙurar hunturu, da zafin bazara, da kuma abin da aljihun ma'aikaci zai iya ɗauka. Ra'ayin da aka gina su a kai guda ɗaya ne: idan na'ura ta lalace ana iya sayen wata, amma faifan da aka buga a Legas a shekarun 1970, idan allura ta cinye shi, ba a Kasuwar Wunti za a samo madadinsa ba. Saboda haka duk inda za a rage kuɗi a rage, ban da inda lafiyar faifai take.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana akwati cike da faya-fayai. Ta ina ya kamata in fara?

Allah ya gafarta masa. Ka fara da buɗe akwatin kafin ka je kasuwa, domin irin faya-fayan da ke ciki su ne za su faɗa maka irin na'urar da kake bukata. Iri uku ne. Akwai babban faifai mai faɗin inci 12, wanda yake juyawa sau 33⅓ a minti ɗaya kuma kowane gefe yake ɗaukar kimanin minti ashirin. Kamfanin Columbia na Amurka ne ya fito da shi a 1948. Akwai ƙarami mai inci 7 da yake juyawa sau 45, wanda kamfanin RCA Victor ya fitar a 1949, kuma da yawa daga cikinsu suna da babban rami a tsakiya, sai an sa musu wata 'yar zobe ta roba kafin su zauna daidai a kan faranti. Na ukun shi ne tsohon faifai mai juyi 78, wanda ya girme su duka. Za ka gane shi da nauyinsa da taurinsa, ba ya lanƙwasuwa ko kaɗan, idan ya faɗi ƙasa kuwa sai ya fashe, galibi faɗinsa inci 10 ne kuma waƙar kowane gefe ba ta cika wuce minti uku ba.

Adadin juyin yana rubuce a takardar da ke manne a tsakiyar faifan, kusa da tambarin kamfani irin su EMI, Decca ko Philips. Yawancin na'urori masu sauƙin kuɗi 33 da 45 kawai suke yi. Idan ka tarar da masu 78 da yawa a akwatin, to sai ka nemi na'urar da ke da wannan gudun, ka kuma sayi allurarsu ta daban, domin layin da ke jikinsu ya fi na sauran faɗi kusan ninki uku zuwa huɗu, kuma siririyar allura a ƙasan layin take yawo, ba ta kawo komai sai ƙara.

Ina ganin ƙananan garmaho masu kama da jakar hannu, da lasifika a jikinsu, kuma da araha. Me zai hana in sayi irinsu?

Ba na ba da shawarar sayensu ga wanda yake da faya-fayan da yake ƙauna, kuma dalilan a fili suke. Hannun irin wannan na'ura yana danna allura a kan faifai da nauyin giram biyar ko fiye, alhali na'ura mai kyau giram biyu zuwa uku da rabi take yi, kuma babu wurin da za ka rage nauyin. Allurar da take zuwa da su sau da yawa ba ta lu'ulu'u ba ce, cikin 'yan gomman awanni bakinta yake cinyewa, daga nan kuma ita ce za ta koma tana cin faifan. Farantinsu ƙarami ne, babban faifai sai ya yi ta reto a gefe. Sannan lasifikar da ke cikin akwati ɗaya da allura tana girgiza ta, sai ta riƙa tsallake layi, mai ita kuma ya ɗauko kwabo ya ɗora a kan hannun don ta zauna, wanda hakan ƙarin nauyi ne a kan wanda dama ya yi yawa. Gaskiya ne juyi ɗaya ko biyu ba zai kashe faifai ba, ɓarnar a hankali take taruwa, ranar da kunne ya fara jin ta kuwa ta riga ta auku. Hausawa suka ce araha ba ta ado.

To mene ne mafi ƙarancin abin da zan duba a jikin na'ura?

Abu na farko shi ne gidan allura mai maganaɗisu, irin wanda ake rubuta wa MM, da allurar lu'ulu'u wadda ake iya cirewa a sa sabuwa ba tare da an sauya gidan gaba ɗaya ba. Na biyu shi ne faranti cikakke mai ɗaukar babban faifai har bakinsa, na ƙarfe ya fi na roba. Na uku murfi, wanda a garinmu wajibi ne. Idan kuɗinka ya kai, ka nemi wadda take da dunƙulen nauyi a bayan hannu mai lambobi, wanda ake murzawa a daidaita nauyin allura, tare da ɗan maɓallin da ke hana hannun zamewa zuwa tsakiyar faifai. Wannan shi ne bambancin na'urar da za ka iya inganta ta nan gaba da wadda za ka zauna da ita yadda ta zo.

Mai bel ko mai juyi kai tsaye, wacce ta fi?

A mai bel, injin yana gefe, wata siririyar roba ce take jan faranti. A mai juyi kai tsaye, farantin a kan injin yake zaune. Kamfanin Technics na Japan ne ya fara fitar da irinta a 1970, sannan ya biyo da SL-1200 a 1972, wadda gidajen rediyo da masu kiɗan biki suka daɗe suna amfani da ita. Dukansu suna iya ba da sauti mai kyau, kuma gardamar da ake yi a kai ta fi bambancin da kunne yake ji yawa. Abin da ya shafe mu shi ne zafi yana sa roba ta saki ko ta narke ta manne, kuma bel ɗin garmaho ba abin da ake samu a kowane shago ba ne a Bauchi. Wanda ya sayi mai bel ya sayi bel na biyu tun ranar farko ya ajiye a wuri mai sanyi.

Ɗan'uwana da ke Amurka zai aiko mini da ita. Akwai matsala?

Akwai yiwuwar matsala, kuma a nan ne mutane suka fi yin asara. Wutar Najeriya bolt 230 ce, tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, abin da ake rubutawa 50Hz. Ta Amurka bolt 120 ce da 60Hz, ta Japan kuma bolt 100. Idan aka jona na'urar 120 kai tsaye a soket ɗinmu, ƙonewa za ta yi nan take. Wannan kowa ya sani, shi ya sa ake sayen ƙaramar taransifoma mai rage wuta.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne taransifoma ƙarfin wuta kawai take ragewa, ba ta taɓa yawan kaɗawar. Akwai na'urori da yawa, tsofaffi da sababbi, waɗanda injinsu yake ɗaukar gudunsa daga kaɗawar wutar gida. Irin wannan idan an ƙera ta don 60Hz aka kawo ta inda ake da 50Hz, za ta rasa kashi ɗaya cikin shida na gudunta, faifan da ya kamata ya juya sau 33⅓ sai ya koma ƙasa da 28. Muryar mawaƙi ta yi kauri, kalangu ya yi sanyi, mai gida ya ɗauka faifan ne ya tsufa. Gyaran shi ne a sauya ɗan ƙarfen da bel yake hawa a kan injin da wanda aka yi don 50Hz, samunsa kuwa wani aiki ne.

Saboda haka kafin ɗan'uwanka ya biya kuɗi, ya ɗauki hoton rubutun da ke bayan na'urar ko a jikin cajarta ya turo maka ta WhatsApp. Idan ka ga 100–240V da 50/60Hz, babu damuwa, kan fulogi kawai za ka sauya. Na'urorin da ke aiki da caja ta waje mai ba da wutar DC, da masu juyi kai tsaye da aka rubuta wa Quartz, su suke daidaita gudunsu da kansu, ba ruwansu da kaɗawar wutar gida. Wasu tsofaffin na Japan suna da maɓallin zaɓen wuta a baya ko a ƙarƙashin faranti, a tabbatar an mayar da shi kan 220 ko 240 kafin a jona. Kayan da aka yi don Ingila ko sauran ƙasashen Turai kuwa wutarsu ɗaya da tamu, shi ya sa wanda yake da zaɓi ya fi kyau a sayo masa daga can.

Zan iya amfani da ita da janareta ko inbata?

Garmaho ba ta cin wuta, galibinsu ba su kai ƙwan fitila na da ba, amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara ƙarfin sauti, ita ce mai ci. Damuwar ita ce tsabtar wutar. Ƙaramin janareta gudunsa yana hawa da sauka gwargwadon kayan da aka ɗora masa, idan firji ya tashi sai ya ja numfashi, kuma na'urar da ta dogara da kaɗawar wuta za ta bi shi tana hawa da sauka, ka ji waƙa tana lilo. Inbata mai tsabtatacciyar wuta, wadda ake rubuta wa pure sine wave a kwalinta, ita ce ta fi dacewa, har ta fi wutar JED kwanciyar hankali. Mai arahar kuwa tana sa ƙugi a lasifika, tana kuma zafafa ƙananan injuna. A kan wutar gari a sa sitabilaiza mai jinkirta kunnawa, kuma a cire fulogi idan an ɗauke wuta, domin lokacin dawowarta ne ta fi yin ɓarna.

Na haɗa ta da lasifikan falo amma sautin can ƙasa yake, babu nauyi. Ta lalace ne?

Da wuya a ce lalacewa ce. Siginar da gidan allura yake fitarwa ƙanƙanuwa ce ƙwarai, kimanin milibolt uku zuwa biyar, tana bukatar a ninka ta kusan sau ɗari kafin ta kai ta rediyo ko na'urar DVD. Bayan haka, tun a wurin yanka faifai ana rage ƙananan sautuka masu nauyi da gangan a ƙara masu kaifi, don layin ya yi siriri waƙa mai yawa ta shiga, bisa wani ma'auni da ake kira RIAA wanda aka tsayar a 1954. Dole a sami abin da zai mayar da sautin yadda yake, shi ne ƙaramar amfilifayar fono.

Wurare uku ake samun ta. Tsofaffin amfilifayoyi suna da ita a ciki, za ka ga ramuka biyu a baya an rubuta PHONO, da ɗan kusa da aka rubuta wa GND inda ake ɗaure siririyar wayar da ke kashe ƙugi. Sababbin garmaho da yawa suna zuwa da ita a jiki, da maɓalli a baya mai PHONO da LINE. Idan babu ko ɗaya sai a sayi 'yar akwatin daban a sa a tsakani. Ga wanda setin lasifikan falo yake da shi mai ramin AUX kawai, ya sayi na'ura mai fono a jiki, ya mayar da maɓallin kan LINE, magana ta ƙare. A kula kada a haɗa biyun, wato maɓalli a kan LINE sannan waya a ramin PHONO, domin sautin zai fashe har ya iya cutar da lasifika.

Sabuwa zan saya ko ta hannu?

Tsohuwar na'urar Japan ko Jamus ta shekarun 1970 da 1980, irin su Technics, Pioneer, Sansui da Dual, idan tana da lafiya, sau da yawa ta fi sabuwa mai farashi ɗaya da ita ƙwari. Ana cin karo da su a wurin masu gyaran rediyo, da masu kayan gwanjo a Jos da Sabon Garin Kano da kasuwar Alaba ta Legas, da kuma shafin Jiji. Sharaɗin kawai shi ne kada ka biya sai ka gwada da kanka ko wani amintacce ya gwada maka.

Ka tafi da faifai ɗaya wanda ba ka damu da shi ba. Kafin a kunna, ka juya farantin da yatsa ka sunkuya ka kalli bakinsa daidai da idonka: ya kamata ya tafi sumul, ba hawa da sauka, ba ƙarar gogayya. Ka kama hannun a hankali ka kai shi tsakiya ka dawo da shi, kada ka ji ya sarƙe a wani wuri, kada kuma gindinsa ya yi ta ƙwas-ƙwas. Ka kalli ɗan siririn ƙarfen da ke riƙe da allura ta gaba, idan ya karkace gefe ɗaya an taɓa buge shi. Bayan an kunna, ka saurari lasifikar hagu da ta dama kowacce ita kaɗai, domin wayoyin cikin hannu sirara ne kuma su suka fi yankewa. Idan akwai ɗigo-ɗigo a bakin faranti da 'yar jar fitila, layin da aka rubuta wa 50Hz ya kamata ya bayyana kamar a tsaye yake cak. Idan babu, akwai manhajojin waya da ake ɗora wayar a kan faranti su auna gudun. Ka bar ta tana juyi kamar minti goma sha biyar, saboda wasu sai sun ɗauki zafi suke nuna halinsu. Ko da komai ya yi daidai, ka sa kuɗin sabuwar allura a lissafi, domin babu wanda zai iya faɗa maka awannin da tsohuwar ta yi.

Idan daga nesa za a aiko ta a mota, a cire faranti da dunƙulen nauyi a naɗe su daban, a ɗaure hannun a mazauninsa, a rufe allura.

A cikin sababbi, waɗanne ne za a iya amincewa da su?

Ga mai son ya danna maɓalli kawai, Audio-Technica AT-LP60X ta isa: mai bel ce, hannun da kansa yake hawa ya sauka, tana da fono a jiki, allurarta ta lu'ulu'u ce mai danna faifai da nauyin giram uku da rabi, kuma a Amurka farashinta yana tsakanin dala 150 da 200. Rauninta shi ne ba a sauya gidan allura, ba a kuma daidaita nauyi. Sony PS-LX310BT ajinsu ɗaya, ta ƙara da Bluetooth. Irin waɗannan sun dace da gidan da dattijo ne zai riƙa kunnawa, wanda hannunsa ba ya tsayawa sosai wajen ɗora allura. Sama da su akwai AT-LP120XUSB, mai juyi kai tsaye, mai 33 da 45 da 78, mai dunƙulen nauyi, wadda kuɗinta ya ninka na farkon ko ya fi; a ganina ita ce ta fi dacewa da mai tsofaffin faya-fayai iri-iri, tun da gidan allurarta yana karɓar allurar 78 ta kamfanin. Rega Planar 1 ta Ingila da na kamfanin Pro-Ject na Ostiriya suna da sauti mai kyau, sai dai yawancinsu ba su zuwa da fono a jiki, kuma a tabbatar an sayo samfurin Turai. Farashin naira yana bin canji da kuɗin jigila, don haka a tambayi wurare biyu ko uku a rana ɗaya.

Yaushe ake sauya allura?

Kamfanin Audio-Technica yana ba allurorinsa na yau da kullum awanni 300 zuwa 500, ya danganta da siffar bakinsu. Mai sauraren awa ɗaya kullum ke nan zai sauya kusan duk shekara, kuma ƙura tana rage wannan adadin. Alamar ƙarewa ita ce murya ta fara tsatsa, musamman a waƙoƙin da ke kusa da tsakiyar faifai. Kada a rage nauyin allura ƙasa da abin da kamfani ya rubuta da nufin tausaya wa faifai, domin allurar da ba ta zauna ba tsalle take yi tana dukan gefen layi, ɓarnarta kuma ta fi ta mai ɗan nauyi.

Yaya zan yi da ƙurar hunturu da zafin bazara?

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska tana bushewa, faifai yana tara wata 'yar wutar da ke jawo ƙura, har ka ji yana ɗan ƙara idan ka zaro shi daga riga. A goge shi da burushi mai laushi na musamman kafin kowane juyi, ana bin zagayen layi, a kuma share bakin allura daga baya zuwa gaba. Faifan da ya daɗe a akwati a wanke shi da tataccen ruwa da ɗigon sabulun ruwa, a kiyaye takardar tsakiya, a bar shi ya bushe a inuwa. Kada a kusantar da kananzir ko fetur, kada kuma a taɓa mai juyi 78 da sifirit, domin narkar da shi yake yi.

A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Bauchi yake kusantar digiri 40, faifan da aka bari a cikin mota a rufe ko a bakin taga zai lanƙwashe, miƙe shi kuwa da wuya. A jera su a tsaye kamar littattafai a kanta, ba a kwance ɗaya kan ɗaya ba, a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da rufin kwano da kuma bangon da ke jiƙa da damina.

Bluetooth da USB suna da amfani, ko ƙarin kuɗi ne kawai?

Bluetooth sauƙi ne ga wanda lasifikarsa ba ta da waya, amma yana matse sautin, kuma ba zan ƙara kuɗi dominsa ba idan akwai ramin AUX. USB kuwa ina ganin darajarsa ƙwarai. Da shi ake haɗa garmaho da kwamfuta, a naɗi faifan da manhajar Audacity wadda kyauta ce, a ajiye kwafi, a rarraba wa 'yan'uwa. Akwai kiɗan gargajiya na Hausa da Fulani da sauran ƙabilun wannan yanki da aka buga a faifai kuma ba a sake fitar da shi ba, wataƙila wanda ke akwatin gidanku yana cikin 'yan kaɗan da suka rage. Irin wannan a wanke shi, a naɗe shi da sabuwar allura, a ɗauki hoton rigarsa gaba da baya.

A ina zan ajiye ta a falo?

A kan teburi mai nauyi wanda ba ya rawa, kuma shimfiɗarsa daidai take. Ana iya aron ma'aunin ruwa na magina a duba, a sa ɗan kwali a ƙarƙashin ƙafar da ta gaza. Kada lasifika ta zauna a kan teburi ɗaya da ita, musamman babbar nan mai bugun ƙirji, domin girgizarta tana komawa cikin allura ta dawo ta lasifikar a matsayin ƙugi. A nisanta ta da sitabilaiza da taransifoma aƙalla taku biyu, kada wayoyin sauti su kwanta a kan wayoyin wuta. A gidan da akwai yara ƙanana a ɗaga ta sama inda hannunsu ba ya kai, a kuma mayar da 'yar hular allura a rufe murfin duk lokacin da aka gama saurare.